Zaren da Ban Yanke Ba

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya tafi yanzu, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Mako uku ya ba ni. Ya ce ranar Asabar, 22 ga wata, zai zo da mota ya ɗauki ƙaninsa ya kai shi gidansa, inda akwai hannaye da yawa. Tafiyar awa biyar ce. Ni kuma in zauna in ci gaba da ɗinkina, in riƙa leƙawa in na samu sarari.

"Amarya, ba wai kin gaza ba ne," in ji shi. Shekara ashirin da biyu da aurena da ƙaninsa, har yau Amarya yake ce mini. "Ke kina shago a gaba, shi yana ɗaki a baya. Mutumin da bakinsa ya rufe, in wani abu ya taso, da me zai kira ki?"

Na ce ai akwai ƙararrawa a gefen gadonsa. Ya ce to mu gwada. Ya tura ni shago na hau keke, shi ya zauna wajen Maigida yana kaɗawa. Na yi ta ɗinki ina kasa kunne har wuyana ya ƙage. Da na dawo ya ce sau goma sha biyu ya kaɗa. Ko ɗaya ban ji ba, ga ƙarar inji ga motocin titi.

Bai ambaci ranar da ɓarin jikin Maigida ya shanye ba. Kallona kawai ya yi, ni kuma na kalli ƙafata.

Sai na ji bakina yana cewa kafin 22 ga wata zan samo hanyar da Maigida zai kira ni ko ina kan keke. Ya ce in ya gani da idonsa, zai juya da motarsa babu kowa a ciki. Na san inda abin yake. Ɗakin ne ban buɗe ba tun ranar.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na buɗe ɗakin gyaransa. Komai na nan: rediyon wani a kwance, hanjinsa a waje, ƙarfen dalma a mazauninsa. Kujerar ce kawai wani ya ɗaga ya jingina da bango. Ban kalli ƙasa ba, na wuce kai tsaye wajen gwangwanin da ke saman kanta.

Suna ciki. 'Yan allunan lantarki biyu masu da'ira, kowanne bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, an jera musu ramuka masu bakin zinariya a gefe kamar idanun igiyar takalmi. Shi faifai yake ce musu. An yi su ne don a ɗinka a jikin tufa. Akwai dunƙulen zare mai launin toka wanda wuta ke bi, da ɗan ƙyallen azurfa, da wani ɗan abu kamar maɓallin riga, irin wanda ke sa waya rawa in an kashe mata ƙara.

Wata biyar da suka wuce ya shigo shago da su a tafin hannu yana washe baki. "Tela, ga maganin kurumtarki. In na taɓa wannan, wancan zai girgiza a hannunki, ba waya a tsakani. Ni na gama nawa, na zuba musu abin da za su yi. Saura naki, ki ɗinka ɗaya a falmarana, ɗaya a abin ɗaurawa a hannu." Na ce bari in gama kayan makaranta. Da na gama kayan makaranta na ce bari in gama labulen otal.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Akwai littafi a ƙasan gwangwanin. Ya zana faifan, ya ja kibiya daga kowane ido, da wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza.

GND: ƙasa, nan wuta ke komawa gida.
3.3V: wuta mai awo, kullum a kunne, ba ta hawa ba ta sauka.
VOUT: wutar batir ɗanya, yadda ta shigo haka take fita.
A1: kunne, shi ke jin taɓawa.
A2: baki, shi ke ba 'yar girgiza umarni.

Sauran idanun ya rubuta "babu ruwanki da su tukuna". A ƙasa ya ja layi biyu: "Kada ki bari zaren wuta ya taɓa zaren ƙasa."

Ni ya rubuta wa. Na rufe littafin na je na tsaya a bakin famfo ina wanke hannun da ba shi da datti.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya yi! Na haɗa su a kan teburin yanka da wayoyinsa masu bakin kada, na jona kowane faifai da wayar caji. Na ɗora yatsa a A1 na farko, sai ga 'yar girgiza a wancan gefen tana rawa a kan tebur, ta yi ta tafiya har ta faɗi ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai kamar wadda ta zautu.

Da na ɗauko ta na mayar da bakin kada a idon da ba shi ba, na kama VOUT. Ta hau rawa ba tsayawa, ko an taɓa ko ba a taɓa ba. Nan na gane: wasu idanun famfo ne a buɗe, wasu kuma sai an ce musu su buɗe. Ashe abin ba tsafi ba ne.

Ban gaya wa Maigida ba. Tun da muka dawo daga asibiti, ko sukudireba ya gani sai ya juya fuska bango. Rediyo ma na fitar da ita daga ɗakin. In na gama sai in sa masa rigar kawai.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

Daga keke zuwa ƙofar ɗakinsa taku goma sha tara ne. Yau tun safe na yi su sau takwas, kowane zuwa yana kwance lafiya yana kallon silin. Na ɗinka hannun rigar wata mata a juye.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gama ɗinkin duka biyu. A falmaransa na sa ƙyallen azurfan a ƙirji ta dama, inda hannun hagu zai kai ba wahala, tunda shi ne mai aiki yanzu. Zare ɗaya daga ƙyallen zuwa A1, shi ke nan. Ƙananan batura uku irin na rimot na yi musu aljihu a gefe, inda ba zai kwanta a kai ba.

Abin hannuna kuwa, ko ni na yaba. Baƙin yadi mai kauri, faifan a sama, 'yar girgiza a ciki daidai inda jijiya ke bugawa. Na fara daga A2, na zagaya idon sau huɗu, na bi da ƙananan ɗinki zuwa 'yar girgiza, na kama ƙafarta ta farko, na kama ta biyu, na zarce har GND. Zare ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko ƙulli babu a tsakani. Inna ce ta koya mini da bayan almakashi a kan yatsu: tela na ƙwarai ba ya yanke zare sai ya kai ƙarshen layi. Na rufe komai da shafi, ba wanda zai ga ɗinki ko ɗaya.

Batirin agogo mai faɗi na sa masa don kada ya yi nauyi. Gobe in gwada, yau idona ya gaji.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Bai girgiza ba.

Lahadi, ƙarfe tara na dare

In na taɓa ƙyallen falmaran, wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa a faifan hannuna. Wato saƙo yana isowa. Girgizar ce babu. Me zan yi da fitila? Mai ɗinki idonta na kan allura, in ta ɗauke shi yatsa ne zai biya.

Yaya ya kira da rana. "Amarya, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. "Ya aikin namu?" Na ce ana kai. Ya ce matarsa ta sa an share ɗakin ƙasa, an sa sabon labule. Na ce Allah ya saka. Labule! Ni za a gaya wa labule.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na je wajen Dogo mai shagon kayan lantarki, abokin Maigida tun suna koyon gyara. Na roƙi maƙwabciya ta zauna da mai jiki na rabin awa, duk da haka a hanya sau biyu na kusa juyawa.

Dogo ya juya batirin agogon a hannu ya yi dariya. "Uwargida, wannan ai cokalin shayi ne, ke kuma guga kike son cikawa. Fitila zai iya, amma abin da zai motsa ba zai iya ba. Da ya yunƙura sai ƙarfinsa ya faɗi." Ya ba ni gidan batura uku irin na falmaran. Sannan ya ce, "Kin tabbata dai ɗinkin daidai yake? Kawo in buɗe shafin in duba."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce shekara talatin ina riƙe da allura, ba a taɓa dawo mini da kaya don ɗinki ya warware ba. Shi ya tsaya kan batir, ni in tsaya kan zare. Ya ɗaga hannu biyu ya ce Allah ya huci zuciyar Uwargida.

Ya tambayi abokinsa. Na ce yana samun sauƙi. Ya ce yana son zuwa amma yana jin nauyi. Na ce shi ma ba ya son a gan shi tukuna. Sai ya shiga kakkaɓe kanta wadda ba ta da ƙura.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Batura uku a hannu kamar an ɗaura mini dutse. Duk da haka na ɗaura. Fitila ta ƙyafta, hannuna shiru.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na sa masa falmaran yau. Ina sa maɓalli hannunsa na hagu ya shafo faifan ta cikin yadi. Ya tsaya cak. Ya bi gefensa da yatsa, ido bayan ido, kamar mai ƙirga 'ya'yansa. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannuna.

Hannuna babu komai. Na bar abin a shago cikin aljihun tebur.

Na ce, "Ina zuwa, na bar ruwa a wuta." Ban bar komai a wuta ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Saura kwana tara. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na share shago sau biyu.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dogo ya aiko da batir mai caji, siriri cikin leda mai launin azurfa, bai kai biskit kauri ba. Ya haɗo da takarda cike da gargaɗi. Kada allura ta huda shi, yana iya kama wuta. Kada a lanƙwasa. Kada a wanke kaya yana ciki. Faifan ba ya yi masa caji, sai an cire an sa a cajarsa daban. A duba jar waya da baƙa kafin a jona, in aka juya su faifan ya tafi ke nan. In ya kumbura a fitar da shi waje.

Wato ni da nake kwana cikin allura na tashi cikin allura aka ba wa abin da ke tsoron allura. Na yi masa aljihu da hannu yana can nesa a kan taga, sai da na ƙirga allurai na mayar da su gwangwani sannan na saka shi.

Ba nauyi, ya zauna ɗas a hannu. Fitila ta ƙyafta. Na jira. Na sake taɓawa, na sake. Faifan ya ɗan yi ɗumi a fatata, iyakarta ke nan.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na cire batir gaba ɗaya na jona wayar caji, wadda ta sa 'yar girgiza rawa ran Larabar farko. Ko motsi. To ba batir ba ne ke nan, kwana shida ina zagin marar laifi. Na ce to 'yar girgizar ce na ƙona. Akwai wata a gwangwani. Na farke shafi, na cire tsohuwar, na ɗinka sabuwar yadda na ɗinka ta farko, har ma ɗinkin ya fi kyau. Na rufe.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

'Yarmu ta kira daga gidan mijinta. Ta ce, "Mama, ki bar Baba Babba ya ɗauke shi mana. Kin rame, ina ji a muryarki." Na ce rama ba a jin ta a murya. Ta ce ita tana ji. Ta ce ba wanda ya ɗora mini laifi. Na ce wa ya yi maganar laifi? Na ce mata cajin wayata ya kusa ƙarewa.

Da na shiga da abinci na same shi yana taɓa ƙyallen ƙirjinsa. Ya taɓa, ya kalli ƙofa. Ya taɓa, ya kalli ƙofa. Ban san tun yaushe yake yi ba. Na ajiye tire na ce ga ni, ya sauke hannun.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gwada ajiye abin a gaban keke inda zan ga fitilar da wutsiyar ido. Cikin awa ɗaya na huda yatsa, na kuma ɓata wuyan riga. Maƙwabciya ta taɓa mini sau goma don gwaji, huɗu na gani. Yaya ba zai karɓi huɗu cikin goma ba. Ni ma ba zan karɓa ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na wanke kayansa duka na goge. Ban ce don tafiya ba ne, kaya ne suka yi datti.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na koma ɗakin gyara neman wata wayar mai bakin kada. Ta faɗi ƙarƙashin tebur, na durƙusa, sai ga ni ina kallon abin da na yi makonni ina kauce wa. A ƙafar teburin, ƙasa-ƙasa, katakon ya lotsa wuri-wuri. Sukudirebar da ya yi ta bugawa yana kirana na nan kusa da bango. Na ƙirga lotsawar har talatin da wani abu na daina.

Likita ta ce ya yi wajen awa biyu a kwance, ko sama da haka. Ta ce da an kawo shi da wuri, sai ta kalle ni ta canja magana. Labulen otal nake yi ranar, dogon layi, ƙafata ba ta sauka daga keke ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu da ɗan lungu.

Na zauna a ƙasan nan inda ya kwanta. Daga nan ana jin keke sarai, in da mai takawa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Jaka na bayan ƙofa. Na sa masa hular sanyi, ɗakin ƙasan Yaya akwai danshi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta a jere.

Yaya ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya. Ya gaida ƙaninsa, ya zauna bakin gado ya ce, "To Amarya, gani ya kori ji." Na ɗauko abin daga shago na ɗaura. Karon farko ke nan da Maigida ya gan shi. Na ce ya taɓa ƙirji, ya taɓa. Fitila ta ƙyafta. Na fara bayani, wai saƙon yana isowa, wai kwana biyu kawai nake nema. Yaya ya saurara har na gama, don shi ba ya katse mutum, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Kin yi ƙoƙari, Allah ya gani," in ji shi. "Ina jakar?"

Na kwance abin na jefa a kan gado, na juya don kada su ga fuskata. Sai na ji Maigida ya yi wannan gurnanin da yake yi in yana son ruwa. Ba ruwa yake so ba. Ya jawo abin da hannun hagu ya ɗora a cinya, yana ƙoƙarin tura yatsa ƙarƙashin shafi. Ya dube ni ya dubi shafin.

Na ce, "Ɗinkin lafiyarsa ƙalau."

Ya ƙara gurnani, da ƙarfi wannan karon, har Yaya ya zabura. Na zaro abin farke ɗinki na buɗe shafin, raina a ɓace, a gaban Yaya kuma. Ya ɗora yatsa a kan A2. Ya bi zaren a hankali, ɗinki bayan ɗinki, har ƙafar 'yar girgiza ta farko. Ya ci gaba zuwa ta biyu, ya tsaya a tsakaninsu. 'Yan ɗinki uku ne a wurin, ƙanana, a jere kamar haƙoran jariri. Ya ƙwanƙwasa su da farce. Sannan ya miƙo hannu ya kama ɗan almakashin da ke rataye a wuyana.

Na riƙe igiyar. Na ce, "Wallahi ba za ka yanka mini layi a tsakiya ba."

Ya dube ni. Rabin fuskarsa da ke motsi ya yi wannan abin da yake yi in na ce rediyo ta mutu alhali ban kunna soket ba. Wata biyu ban ga wannan kallon ba. Na saki igiyar.

Almakashin dama ne, shi kuma hagu gare shi, sau uku yana kamawa zaren na zamewa. Yaya ya miƙa hannu zai taimaka, ya ture shi da gwiwar hannu. Ni na ja yadin ya miƙe, ya sa bakin almakashi ya datse. Ya datse ɗaya gefen, ya tsince guntun zaren ya ɗora mini a tafin hannu. Ya nuna abin, ya nuna hannuna. Na ɗaura.

Ya taɓa ƙirji.

Na yi ƙara har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Kamar ƙudan zuma ya shiga ƙarƙashin fatata.

Ya nuna littafinsa da ke leƙowa daga aljihun gaban rigata. Na buɗe zanen. Layi ɗaya daga A2 zuwa ƙafar farko, ya tsaya. Wani layin daban daga ƙafa ta biyu zuwa GND. A tsakani fili ne, fari tas. Sau nawa na kalli filin nan na ɗauka biro ne ya ɗauke? Ni na yi wa wuta gada. Tana zuwa bakin 'yar girgiza sai ta ga hanya mai sauƙi, ta bi zarena ta wuce gida ba ta shiga ba. Inna, Allah ya jiƙanki, karatunki ya ci ni mako biyu.

Yaya ya jira sai da na ɗaure bakin zaren biyu na ɗiga musu jan farce don kada su tsefe. Sannan ya ce in tafi shago in hau keke, in taka iya ƙarfina. Na tafi. Ban kai ƙarshen layi ba hannuna ya ɗauka, na saki yadi na ruga. Sau biyar ya mayar da ni, sau biyar ina dawowa. A na biyar ya ce, "Uku na ƙarshen ba ni na ce ya taɓa ba."

Ya daɗe yana kallon ƙaninsa. Sai ya gyara zama ya fuskance shi, abin da ban ga kowa ya yi ba tun ranar, har da ni. Kullum a kansa muke magana kamar ba ya ɗakin.

"Ƙanina, ni na zo da mota. Ɗaki na can an gyara. In kana son ka bi ni, ɗaga hannu. In nan kake so, kira matarka."

Ina tsaye a gefensa, taku ɗaya. Ya ɗora tafinsa gaba ɗaya a kan ƙyallen, bai ɗauke ba. Hannuna ya yi ta girgiza, ya yi ta girgiza, har Yaya ya ce, "To, to, an ji, za ka cinye mata batir." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ya sha ruwa kafin ya tafi, kofi biyu. Ya ce zai dawo ƙarshen wata ya ga ko ina cajin abin. Jakar ni na mayar da kayan cikinta kabad.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira Dogo na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. Na ce ya gama dariyar ya kawo mini batir na biyu, ɗaya na hannu ɗaya na caji, kuma ya shigo ciki ya miƙa wa abokinsa da kansa. Ya ce yana tafe.

Mun yi yarjejeniya da Maigida: taɓawa ɗaya ruwa, biyu bayi, uku ki zo da gudu. Na mayar masa da rediyo ɗaki. Bai juya bango ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sau tara ya kira ni yau. Biyu ruwa, ɗaya bayi. Sauran shidan in na shiga sai in same shi yana kallon agogon bango, sannan ya kalle ni. Na ce, "Malam, gwada ni kake yi? Ina da kayan mutane fa." Ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa.

A na ƙarshe ina tsakiyar dogon layi, bai fi taƙi ɗaya ya rage in kai ƙarshe ba. Na ɗauke ƙafa, na bar allura a cikin yadi, zare na reto. Taku goma sha tara. Da na isa ƙofa ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya sake ɗaga uku.

Daƙiƙa takwas. Na zauna bakin gado na riƙe hannun, na gaya masa na ga ƙafar teburin.